Shawara kan taron ƙungiya a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa na zauren unguwarmu a Ƙofar Soro. Idan za mu yi taro a rubuce, a sa shi bayan Isha'i, a kuma sanar da abin da za a tattauna tun da rana. Shugaba ya yi sallama, mutum ɗaya ya amsa, ya wadatar. Amsa talatin kan binne maganar da ta tara mu.

Mai magana ya nemi izini tukuna, musamman idan dattijo bai gama ba. Don Allah a riƙa danna saƙon da ake ba amsa, kada a bar mu muna lalube. Saƙon murya kuwa a haƙura da shi, wani yana cikin mutane, wani datarsa ta kusa ƙarewa. Sakatare ya rubuta matsayar da aka cimma, ya maƙala ta a saman zaure.