Yadda ake auna iyakar baƙin rami da ƙirga bayanan da take ɗauke da su

Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ba ya buƙatar wani abu don wannan aiki sai takarda, alƙalami da na'urar lissafi mai ɗaukar manyan lambobi.

Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya da jan nauyinsa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya fita daga cikinsa; iyakarsa ita ce inda fita ta gagara. Fara da nauyin abin da za ka auna a kilogiram. Na rana 1,989×10³⁰ ne. Ka ninka shi da 2, ka ninka da G, lambar ƙarfin jan nauyi, wato 6,674×10⁻¹¹, sannan ka raba da gudun haske ninki kansa. Gudun haske kusan mita miliyan 300 ne a daƙiƙa. Amsar ita ce rabin faɗin iyakar da masanin kimiyya Schwarzschild ya fitar da lissafinta a 1916: kusan mita 2950 ga rana, da za ta zama baƙin rami. Duniyarmu kuwa milimita 9 kacal, ba ta kai goro ba. Idan ka ga amsarka ta zarce haka da nisa, to ka manta ninka gudun hasken da kansa, ko ka cakuɗa kilomita da mita.

Yanzu shimfiɗar fatar iyakar: 4π a ninka da rabin faɗin ninki kansa, ga rana ya ba da kusan murabba'in mita 1,09×10⁸. Raba wannan da tsawon Planck, wani ɗan ƙanƙanen awo na mita 1,6×10⁻³⁵, ninki kansa, sannan ka raba da 4. Za ka samu kusan 10⁷⁷. Ita ce entiropin masana Bekenstein da Hawking, wato ma'aunin yawan bayanan da iyakar take ɗauke da su.

A nan ya kamata a dakata. Ka ninka nauyin sau biyu ka sake lissafin. Amsar za ta ninka sau 4, ba sau 8 ba. Rumbun gero cikinsa ake aunawa, shi kuwa baƙin rami abin da ya haɗiye a fatarsa ake ƙirga shi. Daga nan masani 't Hooft a 1993 ya kawo ra'ayin holografi, wato bayanan abin da ke cikin wuri ana iya rubuta su duka a fatarsa, masani Maldacena kuma a 1997 ya ba shi misali na lissafi: sarari mai jan nauyi a ciki, da ka'idar da ba ta da jan nauyi a bakinsa, labarinsu ɗaya.

Sai zanen da zai nuna inda iyakar take. Lokaci ya hau sama, nisa ya tafi gefe, haske ya bi digiri 45. Daga kowane ɗigo ka ja layin haske, ka duba ko ya isa bakin sararin. Inda layukan suka daina isa, nan iyakar take. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman ta da awon wuri guda. Ba za ta samu ba, domin sai an san duk abin da zai faɗa ramin nan gaba. Tana ma fara faɗaɗa tun kafin abin ya iso.

Gwaji na ƙarshe: ka aika saƙo biyu tsakanin ɗigo biyu na baki, ɗaya ta bakin, ɗaya ta ratsa ciki. Na cikin bai kamata ya riga isa ba. Idan ya riga, ka koma ka duba makamashin da ka sa a lissafin, galibi ya sauka ƙasa da sifili a kan hanyar hasken, abin da masana Gao da Wald suka gindaya sharaɗi a kansa a 2000.