Yanda ake yin bukin (booking) na yawon gari da kwanan otal idan jirgin ruwanku ya tsaya a tasha

Duk wanda zai shiga irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa masu zagaya Bahar Rum, daga Italiya su gangara Girka da Turkiyya wani lokacin har Masar, ya kwana da sanin cewa kuɗin tikitin da ya biya na ɗaki ne da abinci. Fita yawo cikin gari idan an tsaya a tasha wannan lissafinsa daban, kuma nan ne aljihu yake jin jiki, nan ne kuma ake barin mutane a baya.

Abu na farko, tun kana gida ka ɗauko jadawalin tafiyar ka duba a Google Maps ina tashar take ina garin yake, don sunan da suke rubutawa a talla yana ruɗin mutane sosai. Za ka ga an rubuta Roma, alhali jirgin a Civitavecchia zai tsaya, tsakaninsu kusan kilomita 80, a jirgin ƙasa sai ka yi awa ɗaya da wani abu. Za ka ga Alƙahira, alhali Iskandariyya ce ko Port Said, daga Iskandariyya kusan kilomita 220 ne, wajen awa uku a bas idan hanya ta yi kyau, kuma kowa ya san go-sulon Alƙahira ba ya jin magana. Luxor ma haka, a Safaga ake sauka a yi sama da awa uku cikin hamada. Amma Istanbul, tashar Galataport cikin gari take, ka fito ka ɗan taka ka hau taram ɗin T1 shikenan kana Sultanahmet, ga Aya Sofiya ga Shuɗin Masallaci.

To wannan nisan shi zai raba maka gardama. Ni dai ra'ayina, in wurin na da nisa ka sayi yawon a hannun kamfanin jirgin ko da ya fi tsada, in kusa ne ka yi abinka da kanka. Dalili kuwa ɗaya ne: idan bas ɗin kamfani ta makale a hanya jirgi zai jira ta, in ma ba zai iya jira ba su ne za su san yanda za su kai ku tasha ta gaba a aljihunsu. Amma kai da ka ɗauki tasi ɗinka ko ka yi bukin a shafukan sayar da yawo irin su Viator ko GetYourGuide, in ka makara wallahi tafiya za su yi, ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata akwai fasinja ɗaya ya je sallah. Sai dai ka tsaya bakin ruwa kana kallon jirgi da kayanka a ciki, ka nemi tikitin jirgin sama ka bi su da kuɗinka.

Na kamfani ana buɗe bukinsa watanni kafin tafiya a shafinsu ko manhajarsu ta waya, kuma masu kyau suna cika da wuri, kar ka ce sai na shiga jirgi. Ka karanta bayanin da kyau, awa nawa ne, akwai abincin rana a ciki ko babu, kuɗin shiga wuraren yana ciki ko kai za ka biya, tafiyar ƙafa nawa ce, musamman in da Hajiya ko Baba kuka taho. Ka duba da wane yare ɗan jagoran zai yi bayani, don a jiragen Turai sai ka tsinci kanka a bas ɗin masu Italiyanci ana ta zuba kai kana kallon taga. Sannan ka duba sharaɗin fasawa, da yawa suna mayar da kuɗi in ka soke kwana biyu kafin ranar, amma na kwana a waje sharaɗinsa ya fi tsauri.

In da kanka za ka fita, ranar sati ta fi komai. Babbar kasuwar Istanbul ba ta ci ranar Lahadi, fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, gidan tarihin Vatican ma yawancin Lahadi a rufe. Haushi ne ka zo daga Kano ko Maraɗi ka tarar da ƙofa a garƙame kuma gobe jirgi ya wuce. Lokacin komawa kuwa ba shi ne lokacin tashi ba, yawanci rabin awa kafin tashi ake so kowa yana ciki, za ka ga an kafa allo a bakin matakala, ka ɗauke shi hoto kafin ka fita. Ni na fi son mutum ya sa wa kansa awa ɗaya zuwa biyu kafin wannan. Kuma agogon jirgi ake bi, tsakanin Italiya da Girka akwai bambancin awa guda, wayarka tana iya canzawa da kanta ba ka sani ba, don haka ka tambaya da safe ka saita agogon hannu. A takardar shirin rana da ake sa muku a ɗaki ko a manhaja akwai lambar ejan ɗin jirgin na wannan tashar, ita ma ka ɗauke ta, shi za ka kira in abu ya ɓaci.

Akwai kuma tashoshin da jirgi baya matsowa gaɓa, sai dai a kwashe ku a ƙananan kwale-kwale, kamar tsibirin Santorini na Girka. Can masu bukin kamfani ake fara fitarwa, kai kuma ka karɓi lamba ka jira, da yamma ga layin motar kebul (mai tafiya a rataye kan igiyar ƙarfe) mai saukowa daga garin Fira da ke kan dutse, in jirage uku huɗu suka haɗu rana ɗaya layin nan sai ya cinye maka awa. Kar ka yi alkawari da ɗan jagora na waje ƙarfe takwas na safe a irin wannan wurin.

Maganar kwana kuma iri biyu ce. In jirgi zai kwana a tasha kuma garin na kusa, kamar Istanbul, ba ka buƙatar otal, ɗakinka na nan ka riga ka biya, ka je ka ci kifinka a gefen gadar Galata ka dawo da dare ka nuna katinka, sai dai ka tambaya ko ƙofar tashar a buɗe take kwana. Inda otal yake da amfani shi ne irin Alƙahira. Zuwa da dawowa rana ɗaya awa shida ne a mota, ka ga dala a gurguje a ɗauke ka hoto a ce a koma bas. In ka kwana kuwa za ka ga dalar Giza da sabon babban gidan tarihin da ke kusa da ita a natse, ka yi magariba a Azhar ka tsallaka Masallacin Husaini, ka shiga Khan el-Khalili da dare lokacin da kasuwar take ci. Wani jirgin ma yau yana Iskandariyya gobe yana Port Said, kamfani ya kwana da ku Alƙahira ya mayar da ku ta can.

In kai za ka shirya kwanan, dole ka sanar da ofishin baƙi na jirgin, in kuma a wata tashar daban za ka koma to wannan sai da izini tun kafin tafiya, ka tura musu imel ka ajiye amsar, ba ko'ina doka ta yarda da hakan ba. Ka karɓi fasfonka in yana hannunsu don otal ba zai ba ka ɗaki da katin jirgi ba. Otal ɗin kuma ka zaɓi wanda ake sokewa kyauta, saboda kyaftin na iya tsallake tasha don iska ko matsalar tsaro, na kamfani kuɗinka zai dawo da kansa, na waje kuwa ya dogara da abin da ka sa wa hannu. Ƙaramar jaka ta isa, kaya kala ɗaya, caja, magungunanka, da kuɗin ƙasar kaɗan a hannu, katin naira ba koyaushe yake aiki a waje ba gara ka riƙe na dala.

Sai biza, wadda ita ce ke kayar da masu fasfon Najeriya da Nijar. Bature ya ce maka ai ba a buƙatar komai, shi ne baya buƙata. Italiya da Girka suna cikin Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, Turkiyya da Masar ba sa ciki, kenan in jirgi ya fita ya dawo kana buƙatar Shengen mai shiga da yawa, ba ta shiga ɗaya ba. Kowace ƙasa ka tambayi kamfanin a rubuce me mai irin fasfonka yake buƙata, ko da ba ka da niyyar sauka, don suna iya hana ka hawa tun ranar farko. Katin allurar shawara ma ka sa shi cikin fasfo, Masar na neman sa a wajen masu zuwa daga ƙasashenmu.