Yadda ake noma a tsaunin Mambila, ga wanda ya saba da daminar gida

Shekarata ta farko a Nguroje, wani gari a tsaunin Mambila, na yi asarar irin masara tiya huɗu a dare ɗaya. Na ja kunyoyina miƙaƙƙu daga saman gangare zuwa ƙasa, kamar yadda muke yi a gonarmu ta Malumfashi inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Bayan isha'i ruwa ya kece. Da gari ya waye na tarar kowane kwarin kunya ya zama rafi, iri da taki da jar ƙasa duk sun gangara sun taru a gonar dattijon da ke ƙasa da ni. Yana tsaye da sandarsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, na gode da taki." Na ce, "Baba, ai sai ka koya mini." Yawancin abin da zan faɗa nan daga bakinsa na ji, sauran kuma asara ce ta koya mini.

Ka fara da sanin ruwan wurin. Mambila tana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, hedikwatarta Gembu, kuma tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Idan ka taso daga Jalingo ka bi ta Bali da Serti, a Mayo Selbe za ka fara hawa, kafin ka isa Maisamari ka nemi rigar sanyi. Iskar da ke kawo mana damina a Katsina da Kano, wadda masana ke kira monsun, daga tekun Atlantika take tasowa ta kudu maso yamma. Mu can sai wajen Mayu ko Yuni take isowa, ta riga ta gaji. Nan kuwa da ƙarfinta take cin karo da duwatsu, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwa ke farawa tun Maris, bai ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, kuma abin da ke sauka a shekara ya kai ninki biyu na na Kano. A Agusta da Satumba akan yi kwana uku ba ka ga rana ba, gajimare ya sauko har ƙofar ɗaki, wanki ya kwana biyu a igiya yana ɗiga. Abin da muke kira marka a gida, nan wasan yara ne.

Saboda haka gero ka bar shi a gida. Na gwada, don zuciyata ba ta yarda da gonar da babu gero ba, ya yi tsawo ya yi kore shar, zangarniyar ta ruɓe tun ba ta nuna ba. Abin da ƙasar ke so shi ne masara, wake, dankalin turawa, gwaza, ayaba da piya. Gahawa na yi, ganyen shayi ma na yi, ga gonakinsa nan a Kakara, amma waɗannan aikin mai dogon jari ne da haƙuri.

Sai kunya, wadda ita ce rabin aikin. A gicciye ake jan ta, ta rungumi tudu kamar ɗamara, kowace kunya a kan daidaito ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ido yana yaudara a gangare, don haka ka haɗa ma'auni. Sami sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kamar kamu huɗu, ka ɗaure kawunansu, ka buɗe ƙafafun, ka ɗaura sanda ta uku a tsakiya a gicciye. Daga saman ka rataye igiya da dutse a bakinta. Ka tsayar da shi a ƙasa ka yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, ka juya ƙafafun kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta ka sake alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Daga nan sai ka yi ta takawa da shi a jikin tudu, duk inda igiya ta zauna a kan alamar tsakiya ka kafa turke, ka juya ƙafa ɗaya gaba. Layin turakun nan shi ne kunyarka ta farko, sauran su bi ta. Yini guda ya ishe ka da yaro ɗaya, kuma layin yana nan shekara da shekaru.

Kada ka toshe wa ruwa hanya gaba ɗaya, zai fasa kunya ya yi ɓarnar da ta fi ta farko. A saman gona ka haƙa lambatu ya tare ruwan da ke gangarowa daga tudun da ba naka ba, ka kai shi gefe inda akwai ciyawa ko duwatsu. Bayan kowace kunya goma ko sha biyu, gwargwadon tsayin gangaren, ka bar layin ciyawa ba ka nome ba. In ka sami jema ka dasa, saiwarta na nitsewa ƙasa sosai. Bayan damina biyu za ka ga ƙasa ta taru a bayan layin ta fara yin matakala da kanta. Inda gangare ya yi tsaye har kana dafa ƙasa da hannu kafin ka hau, wannan ba wurin fartanya ba ne, ka sa masa itatuwa.

Maganar itatuwa, ka yi hattara da zaiti, wato itacen turare. Ko'ina ka duba a Mambila shi ne, da shi ake gini da girki, ana kuma loda katakonsa a manyan motoci zuwa ƙasa. Kuɗi ne, amma kada ka dasa shi a bakin gona ko kan idon ruwa. Masarar da ke kusa da inuwarsa kullum 'yar ƙarama ce rawaya. Wanda yake son ganin yadda kurmin tsaunin yake tun asali ya je Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ya ga yadda ƙasa take baƙa da laushi a ƙarƙashin ganye.

Shuka kuwa, kada ruwan farko na Maris ya ruɗe ka. Yakan sauko sau ɗaya ko biyu ya ɗauke na mako biyu. Ni ina jira sai ƙasa ta jiƙu zurfin tafin hannu da yatsu. Masara nan ba ta sauri saboda sanyi, ka ba ta wajen wata biyar. Takin zamani kada ka zuba shi gaba ɗaya, ruwa zai wanke shi ka yi wa na ƙasa da kai sadaka. Ka raba shi biyu ko uku, ka tona rami kusa da gindi ka rufe. Jar ƙasar tudu tana da tsami, don yawan ruwa ya tafi da gishirinta, shi ya sa kashin shanu da toka suke yi mata amfani fiye da yadda za ka zata. Tsofaffin manoman Mambila suna da dabarar hutar da gona: su shuka majimfa, wadda mu a gida da kashe kifi kawai muka san ta, su bar ta shekara biyu ko uku, su sare su binne ganyen. Na yi haka a wani ɓangare da ya gaji, masarar da ta biyo baya ta fi ta ko'ina duhun ganye.

Dankalin turawa shi ne mai kawo kuɗi da wuri, wata uku ka haƙa, shi ne kuma mai sa mutum kuka. Idan aka jera kwanaki ana yayyafi da sanyi, wata cuta kan faɗa masa, ganye ya yi baƙi kamar an watsa masa ruwan zafi, ƙarƙashinsa da fari-fari, cikin mako guda gona ta tafi. Feshin maganin mankozeb kafin ta bayyana ake yi, kusan kowane mako a tsakiyar damina, da safe in an sami sarari ganye ya bushe. Ka ɗaga masa kunya sosai, ka tura ƙasa gindi, kada 'ya'yan su kwanta cikin ruwa.

Girbi ne ya fi ba ni mamaki. Mu mun saba kaka tana zuwa da rana, ka shanya a fili ka zuba a rumbu. Nan masara na nuna ana tsakiyar ruwa. Shekarata ta biyu na zuba ta a buhu da ɗanyinta, bayan wata guda na buɗe, fumfuna ta yi mata kore, ko kaji ban yarda na ba ba. Mutanen wurin a saman ɗakin girki suke jera ta da ɓawonta, kan rufin gora, hayaƙin murhu yana ratsa ta dare da rana. Tana bushewa, ƙwari kuma ba sa kusantarta. Tuwon yakan ɗan yi ƙanshin hayaƙi, yanzu har na fi son sa haka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rani ne, rana da ɗumi, dare da sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, tuddai su bushe su yi ruwan ƙasa. Lokacin ne ake sauka fadamun kwari a yi kabeji, karas, dankali da masarar rani. Lokacin ne kuma shanu ke neman ɗanyen abu, kuma Mambila ƙasar shanu ce, don tsandon da ke kashe su a ƙasa bai cika hawa nan ba. Ka yi shinge tun kafin ka shuka, ka san ardon yankin da mai unguwa, ka kuma tabbatar da iyakar gonarka a gaban shaidu, don rigimar fili a tsaunin nan ta taɓa cin rayuka. Ni da makiyayin da ke kusa da ni mun shirya: bayan girbi ya sa shanunsa su ci karan masarata su kwana a gonar mako biyu, ni kuma in sami taki. Bana ma tun watan Oktoba ya aiko ɗansa ya tambayi ranar da zan gama kwashewa.