Darasi na 14: Sanin Asalin Naman Shanu

Ga malami: a karanta wannan darasi sau biyu, a hankali. Idan akwai mahauci, ko makiyayi, ko mai kiwon turka a cikin aji, a ba shi dama ya yi magana, don a wasu wuraren ya fi littafin sani.

Karatu

Mai sayen gero ba ya aunawa sai ya damƙa, ya murza, ya hura, ya tambayi garin da aka nomo shi. Amma mai sayen nama sai ya tsaya gaban tebur, ya ce a yanko masa na dubu biyu, a ƙulle a leda, ya kama hanya. Bai tambayi inda san ya fito ba, balle abin da ya ci ko abin da aka tsira masa. Alhali gero da nama ciki ɗaya za su shiga.

Mu a ƙasar Sakkwato ba mu da talaucin shanu. Ga bokolo, mai guntun ƙaho da babban tozo da leɓe har ƙirji, wanda duniya ta sani da sunan gudalin Sakkwato. Ga rahaji ja mai dogon ƙaho, ga bunaji fari, ga kuma shanun Azawak da ke shigowa daga Nijar ta Illela. Yawancinsu a ƙafa suka tashi. Da damina su ci gamba da harkiya da kyasuwa, da kaka su shiga gonaki su ci kara da harawa, da rani su gangara fadamar Rima, ko su tsinci 'ya'yan gawo.

A Amurka abin ya bambanta. Can ana tara dubban shanu a shinge ɗaya, a ɗura musu masara har su cika. Da yawa daga cikinsu ana cusa musu wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fatar kunne, mai ɗauke da sinadarin sa girma da wuri. Tarayyar Turai ta haramta wannan, kuma tun 1989 ta hana shigar mata da irin wannan nama. A Amurka kuwa, naman san da ya yi kiwo a fili tsada gare shi, sai mai hali. Wato abin da Bature ke nema da kuɗi mai yawa, shi ne ke tare mana hanya kullum da maraice a kan titin Wamakko.

To, ina matsalar take? Tana bakin allura.

Kwanakin jira

Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye ya ga mai tabarma da kwalaben maganin dabbobi a rana. Makiyayi yakan saya ya yi wa saniyarsa da kansa. Akwai na sammore, akwai na tsutsar ciki da ciwon hanta, akwai kuma na kashe ƙwayoyin cuta, irin su penisilin da oksitetirasaikilin, wannan mai ruwan ɗorawa da kusan kowane mai garke ya sani.

Magani ba ya barin jikin dabba ranar da aka yi shi. Yana zagayawa cikin jini, ya zauna a tsoka, ya fi taruwa a hanta da ƙoda da kuma daidai inda allura ta shiga. Sannu a hankali yake fita ta fitsari da kashi. Shi ya sa masu haɗa magani suke rubuta adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta. A wannan darasi za mu kira su kwanakin jira. Kowane magani da nasa. Allurar oksitetirasaikilin mai daɗewa tana aiki, yawanci kwana 21 zuwa 28 ake rubuta mata, wani kamfanin ma ya fi haka. Wasu magungunan tsutsa da kaska sukan wuce wata guda.

Idan aka yanka kafin kwanakin su cika, ragowar maganin tana cikin naman, kuma wuta ba ta cinye ta duka. Tafasa da gashi suna ragewa ne kawai. Mai ci ba zai faɗi nan take ba, shi ya sa mutane suke raina abin. Sai dai wanda jikinsa ba ya shiri da penisilin yana iya yin ƙaiƙayi ko kumburi. Babbar illar kuwa a ɓoye take. Ƙwayoyin cuta idan suna haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe su ba, sai su saba da shi, kamar ɓeran da ya lasa guba bai mutu ba. Ranar da yaro ya kwanta da zawo ko ciwon huhu aka ba shi irin wannan magani a asibiti, sai a ga shiru. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum fiye da miliyan 1 da dubu 200 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani. Ba nama ne kaɗai ya jawo haka ba, shan magani barkatai da mu mutane muke yi yana da babban kaso. Amma na dabbobi ma yana ciki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2017 da a daina ba dabba mai lafiya irin waɗannan magunguna don kawai ta yi ƙiba.

A nan sai an yi hankali, kada a fahimci darasin a karkace. Yi wa dabba mara lafiya magani ba laifi ba ne, haƙƙinta ne a kan mai ita. Haka kuma allurar rigakafi da ma'aikatan gwamnati ke zagayawa suna yi, kamar ta ciwon huhu, daban take da maganin da muke magana a kai. Dattawa sun san yadda cutar bushiya ke share garke a da. Rigakafi ne ya yi maganinta, har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Laifin yana wuri ɗaya ne: a yi allura yau, a ga ba sauƙi, gobe a kora saniya kasuwa don kada a yi asara. Ita ce saniyar da za ka ji an yi mata kuɗi ƙasa da hankali. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Hira a bakin tebur

Wata mai tuwon sayarwa a Runjin Sambo ta je wurin wani dattijon barunje da ta daɗe tana saye a hannunsa.

"Baba, a kwana lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Na nawa za a sa miki?"

"Tukuna, Baba. Wanga sa daga ina yah hito?"

"Ikon Allah! Yau kuma mi ya kawo tambaya?"

"A makarantar yamma anka koya muna. An ce mu riƙa tambaya."

Dattijo ya yi dariya, ya ajiye wuƙa. "To madalla. Achida munka sawo shi, wurin mutumin da na sani shekara da shekaru. Ya kwana biyu ɗaure wurina. Da asuba anka yanka a mayanka, likita ya duba huhu da hanta. Ga hantar nan, duba da kanki."

Ta duba. Hanta sumul, ba tabo, ba fararen jijiyoyi masu tauri. Ta ce a sa mata cinya.

A lura, dattijon bai yi fushi ba. Mahaucin da ya san kayansa yana jin daɗin a tambaye shi. Wanda ya harzuƙa, ko ya ce ina ruwanki, ya riga ya ba da amsa.

Abin da ido ke gani, da wanda ba ya gani

Nama mai kyau ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ya dawo, ba ya yauƙi, ba ya zubar da ruwa. Kitsen san da ya ci ɗanyar ciyawa yakan ɗan yi ruwan ɗorawa, musamman bayan damina. Wannan ba cuta ba ce, launin ganye ne. Amma idan rawayar ta game har jijiyoyi da fatar ciki, wannan shawara ce, a bar shi.

A duba wuya da cinya da ɗuwawu, nan aka fi yin allura. Idan aka ga wani wuri ya yi tauri, ko ya canza launi, ko ya tara ruwa ko mugunya, ko yana warin magani, sawun allura ne. Yanke wurin kaɗai bai wadatar ba, don maganin ya riga ya bi jini. Huhu mai ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa alamar tarin fuka ce, kuma tana kama mutum.

Akwai kuma saniyar cikin gari. Ba duk mai yawo ce ke kiwo ba. Wadda take wuni a bola tana cin leda da tsumma, mahauta sukan ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Ita ma ba a ɗaure take ba, amma ba wanda zai ce ta yi kiwo.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: nama yana iya yin kyau a ido alhali da ragowar magani a ciki. Ragowar ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, sai a ɗakin gwaji ake gane ta. Tun da ido ya gaza, abu biyu suka rage mana, sanin mutum da ƙidayar kwana.

Ina za a samu?

Mai sayen na miya kullum, ya riƙe mahauci ɗaya wanda ya san gidansa, wanda kuma yake yanka a mayanka inda ma'aikatan lafiyar dabbobi ke dubawa. Likita ba ya ganin magani da ido, amma yana tsare dabbar da cuta ta bayyana a jikinta, kuma irinta ce aka fi sha wa allura. Naman da aka shigo da shi a buhu, ba a san inda aka yanka ba, a bar wa mai shi. Idan wata rigima ta taso, akwai Sarkin Fawa.

Amma a ganina babu hanyar da ta kai watanda, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutanen unguwa, ko 'yan masallaci ɗaya, ko 'yan wannan aji, su haɗa kuɗi su sayi sa a raye, a yanka a kasa. Abin da za a ƙara a kai kaɗan ne: kada a yanka ranar da aka saya. A sayo shi da wuri daga kasuwar Kara, ko Achida, ko Illela, a ɗaure a gidan mutum ɗaya amintacce na wata guda ko fiye. A ba shi harawa, da kowar wake, da dusa, da ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta. A cikin wannan wata za a ga lafiyarsa da ido, kuma yawancin magungunan da aka saba yi za su fita. Idan ya yi ciwo a hannunku, a kira malamin dabbobi, ko a kai shi asibitin dabbobi, kamar na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai a rubuta ranar allura, a fara ƙidaya daga nan. Ga amfanin iya rubutu.

Saye kai tsaye daga ruga ma yana da kyau, don ba dillali a tsakani, kuma mai garke ya san kowace saniya da uwarta. Mai sayen nono wurin 'yar Fulani kullum ya riga ya sami hanya. Sai dai a halin tsaron da ake ciki, kada mutum ya kutsa dajin da bai sani ba da kuɗi a aljihu. A bi ta hannun Arɗo, a haɗu a kasuwa.

Masu turka kuwa, mafi yawansu da dusa da harawa da ƙuli-ƙuli suke cika dabba, kuma wannan kiwo ne mai kyau. Amma ana samun mai gaggawa, musamman in Layya ta matso, ya nemi ƙwayoyin sa ƙiba irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Irin wannan ƙiba rabinta ruwa ce, sai an ɗora tukunya ake ganin nama ya tsuke. Tambayi mai turka abu uku: me kake ba shi, yaushe aka yi masa allurar ƙarshe, ina kwalbar? Mai gaskiya zai shiga ɗaka ya ɗauko.

Karanta kwalba

Rubutun jikin kwalba da Turanci yake, wani lokaci da Faransanci idan daga Nijar ta fito. Ba sai ka iya Turanci ba. Nemi kalma mai harufa huɗu, M, E, A, T, ma'anarta nama. Lambar da ke kusa da ita ita ce kwanakin jira na yanka. Kalma mai harufan M, I, L, K kuwa nono ce. Sannan a duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar da maganin zai lalace. Kwalbar da ba ta da takarda a jiki, ba wanda ya san abin da ke cikinta.

Aiki

1. An yi wa sa allura ranar 3 ga wata. Kwalba ta ce kwana 28. Daga wace rana za a iya yanka shi?

2. A misali, mutum 20 sun yi watanda. Sun sayi sa naira 600,000. Abincinsa na wata guda ya ci naira 40,000, ladan mahauci naira 20,000. Nawa kowa zai biya?

3. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka kula da harufa masu lanƙwasa: ƙoda, ƙaho, leɓe, ɗaure, Arɗo.

4. Rubuta tambayoyi ukun da za ka yi wa mai turka, a takardar da za ta shiga aljihu.

5. Duk mai tsohuwar kwalbar maganin dabbobi a gida, ya wanke bayanta, ya ƙulle ta a leda, ya zo da ita aji mako mai zuwa. Za mu nemi lambar tare.