Yadda Ake Koyar da Lissafin Firamare ta Hanyar Wasa da Aikin Rukuni

Yarinyar da ke tallar gyaɗa a tashar Jega, in ka sayi ta naira 350 ka miƙa mata 500, nan take za ta ba ka canjin 150. Amma rubuta mata 500 − 350 a allo, sai ta sunkuyar da kai. Lissafin yana kanta. Abin da ba a nuna mata ba shi ne yadda abin da hannunta ya saba yi yake haɗuwa da alamomin da ke kan allo. Nan ne wasa da aikin rukuni suke da amfani, in dai an tsara su. Wasan da yara za su yi ta ihu su tashi ba wanda ya rubuta komai, hutu ne kawai aka ba su. Wannan bayani na malami ne ko malamar aji ɗaya zuwa huɗu, musamman mai yaran da suka fi ƙarfin kujerun aji, kuma babu kuɗin sayen kayan koyarwa.

Fara da sanin inda kowa ya tsaya

Kafin ka kawo wasa ko ɗaya, kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ɗauke ka mako guda. Nuna wa yaro 7, da 46, da 305, ya karanta. In ya wuce, ba shi 24 + 18, sannan 52 − 27. Rubuta inda ya tsaya a gaban sunansa. Za ka tarar a aji uku ɗaya akwai wanda bai gane 46 ba, akwai mai yin ɗebewa har da aro. In ka ba su wasa iri ɗaya, wani zai gaji, wani zai ɓace. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da wannan tsari na raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu ko ajinsu, kuma da tsinkaye da ɗauri suke koyar da ƙirga. Kada ka sanar da sakamakon a gaban aji. Naka ne kai kaɗai.

Tara kayan aiki

Bayan an yanke gero da dawa, sillen kara ko'ina akwai shi. Ka ce kowane yaro ya zo da guda 20, a yanke su tsawon ɗan yatsa biyu. Tsinken tsohuwar tsintsiya ma yana yi. Sai marafan kwalba, ƙwallon dabino, tsakuwa, robar ɗaure kuɗi ko zare, da kwalin da masu shago suka yar. Yanka kwalin ƙanana ka rubuta 0 zuwa 9, kowane rukuni ya samu nasa. Ina ba da shawarar a guji karta. Tana da lambobi, gaskiya ne, amma ranar da yaro ya je gida ya ce Malam ya koya musu karta, da wuya ka iya wanke kanka wurin iyaye. Kowane rukuni ya samu gwangwani ko leda mai sunansa, a riƙa ajiyewa a ofishin hedimasta bayan an tashi.

Kafa rukuni

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma malami ɗaya ba zai duba littafin yara 70 a darasi ɗaya ba. Amma zai iya zagaya rukuni goma sha biyu. Yara biyar ko shida sun isa rukuni. In suka wuce haka, na gefe 'yan kallo ne. A wasannin ƙirga, haɗa waɗanda matakinsu ya yi kusa. A babban aikin da za a ɗauki kwanaki ana yi, gauraya su.

Ba kowa aikinsa: mai riƙe kaya, mai ƙirgawa, mai rubutu, mai duba amsa, mai bayani. Duk mako a juya. Sannan ka ba kowane yaro lamba daga 1 zuwa 6 a cikin rukuninsa. In sun gama aiki, kada ka ce wa zai faɗa mana, domin hannun da ka saba gani shi zai tashi. Ka ce, “Masu lamba 4, ku miƙe.” Tunda ba wanda ya san wa za a kira, dole mai ƙoƙarin cikinsu ya tsaya ya fahimtar da sauran. Wannan ƙaramar dabara ita ce ke hana yaro ɗaya yin aikin duka sauran su kwafa. Ka kuma sa ido kan 'yan mata. Sau da yawa maza kan ƙwace tsinkayen su bar musu rubutu kawai. In ka ga haka na yawaita, raba rukunin maza da mata na ɗan lokaci.

Wasan ɗauri da tsinke

In wasa ɗaya kaɗai za ka iya yi a zangon karatu, to wannan ne, domin yawancin wahalar tarawa da ɗebewa daga rashin gane gidan goma take tasowa.

Kowane rukuni ya zana gida biyu a ƙasa ko a kan tebur: na dama gidan ɗai-ɗai, na hagu gidan goma-goma. A kife katunan kwali. Yaro ya ja ɗaya, in 6 ce ya ɗebi tsinke shida ya sa a dama. Na biye ya ja, in 7 ce ya ƙara. Doka ɗaya ce: gidan dama ba ya ɗaukar tsinke goma. Da sun cika goma, a ɗaure su a tura hagu. Yanzu suna da ɗauri ɗaya da tsinke uku, mai rubutu ya rubuta 13. Rukunin da ya fara tara ɗauri goma, wato 100, shi ya ci. Kada ka yarda a tsallake rubutun. Kowane zagaye a rubuta 6 + 7 = 13, 13 + 9 = 22, haka har ƙarshe.

Bayan kwana biyu ko uku, juya wasan. A fara da ɗauri goma, ana jan kati ana ɗebewa, wanda ya fara kaiwa sifili ya ci. Nan da nan za su ci karo da matsala: an ce a cire 7, babu tsinke ko ɗaya a gidan dama. Kada ka yi saurin faɗa musu. Tsaya ka kalle su. Za ka ji wani ya ce, “Malam, mu kwance ɗaya?” Ka ce, “Kwance mu gani.” Wannan kwancewar ita ce aron da ake ta fama da shi a allo.

Daga nan ka dawo da 52 − 27. Amsar da yara da yawa kan bayar ita ce 35, domin sun ga 7 ba ta fita daga 2, sai su juya su cire 2 daga 7. Yaron da ya yi haka ba daƙiƙi ba ne, dabara ya nema da kansa tunda ba a nuna masa wata ba. Sa shi ya shimfiɗa ɗauri biyar da tsinke biyu. Ya kwance ɗauri ɗaya, ya koma ɗauri huɗu da tsinke 12. Tambaye shi, “Yanzu nawa ke gabanka?” Bari ya ƙirga ya tabbatar har yanzu 52 ne, ba abin da ya ƙaru ko ya ragu. Ya cire tsinke bakwai, saura biyar. Ya cire ɗauri biyu, saura biyu. Amsa 25. Yana yi da hannu, kai kana rubutawa a allo: ka soke 5 ka rubuta 4 a daidai lokacin da ya kwance robar, ka sa ƙaramar 1 kusa da 2 a daidai lokacin da tsinkayen suka zube. Idonsa ya ga abu biyun tare. Bayan makonni kaɗan, a ajiye tsinke a koma zana su a littafi, daga baya a bar zanen ma.

Kasuwar aji

Yanka takarda ka yi kuɗin wasa na naira 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1000. Ka ce yara su tambayo farashin kaya a gida ko a kasuwar garinku, da shi za a yi aiki. Rabin rukunai su kasa kaya, rabi su zo saye. Tsakuwa ta zama albasar Aliero, yashi a gwangwani ya zama mudun shinkafa. Mai saye ya ɗauki kashi uku na albasa a kan 150 kowanne, ya ba da 500. Kafin a miƙa canji, mai saye da mai sayarwa kowa ya rubuta 3 × 150 = 450 da 500 − 450 = 50. In amsarsu ta saɓa, ciniki bai faɗa ba sai sun gano mai kuskure.

Saurari yadda masu talla ke lissafin canji. Ba sa ɗebewa, cikowa suke yi: 450, a ƙara 50, ya cika 500. Hanya ce ingantacciya, ka kira yarinyar ta nuna wa aji, sannan ka rubuta ta kusa da ta littafi. A wannan wasa sau da yawa yaran da ba a jin muryarsu a aji su ke zama gwanaye, kuma yana da kyau sauran su ga haka.

Gurbin dara da carafke

Dara, wadda Dakarkarin ƙasar Zuru suka shahara da ita, ana yin ta ne a gurbi 30, layi biyar kowanne da gurbi shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Fitar da yara ƙarƙashin inuwa su haƙa gurabun da kansu. Wanda ya tsaya ta gabas zai ga layi biyar na shida-shida, wanda ya tsaya ta kudu zai ga layi shida na biyar-biyar, gurabun kuwa ba su canja ba. Da haka suka ga 5 × 6 daidai yake da 6 × 5, kuma aikin haddar jadawalin sau ya ragu kusan rabi. Sannan ba kowane rukuni tsakuwa 24, su jera su layi-layi daidai ta duk hanyar da za ta yiwu. Za su samo 2 × 12, da 3 × 8, da 4 × 6, kuma akwai wanda zai tuna da dogon layi ɗaya na 24. In suka gwada layi biyar-biyar, huɗu za su rage, ka ga an shiga rabawa mai saura ba tare da ka ambaci sunanta ba.

Carafke kuwa 'yan mata sun riga sun iya. Sa su riƙa faɗin jimla da ƙarfi in suna kwasar bibbiyu ko uku-uku.

Aikin rukuni na mako guda

Sau ɗaya ko biyu a zango, ba su aikin da ba ya ƙarewa a darasi ɗaya. Awo ya fi sauƙin farawa. Ranar Litinin kowane rukuni ya auna tsawon aji da taku, tebur kuma da taƙi ko kamu. Amsoshi za su bambanta, kuma abin da ake so ke nan. Bari su yi gardama har wani ya ce ai ƙafar wane ta fi tsawo. Talata ka aro tef ɗin tela, mai santimita 150, kowane rukuni ya yi igiyarsa da ƙulli a kowace mita. Laraba su sake awon, su ga amsoshi sun matso kusa. Alhamis su fitar da fangali mai mita 4 da mita 3 a filin makaranta, su gano igiyar da za ta kewaye shi mita 14 ce, su raba cikinsa gida-gida na mita ɗaya su ƙirga 12. Yaran da iyayensu ke noman shinkafa a fadamar Argungu ko aikin ban-ruwa a Bakolori sun san fangali tun suna goye. Ranar ƙarshe kowane rukuni ya yi bayani, kai za ka zaɓi lambar mai magana.

Wani aikin shi ne ƙirga da zanen ginshiƙi, wato zanen da tsawon kowane ginshiƙi ke nuna yawan abin da aka ƙirga: babura, kekuna da motocin da suka wuce ƙofar makaranta cikin minti goma, ko abin da kowa ya karya da shi da safe. Sai dai kada ka tura yara su ƙirgo shanu ko tumakin gidansu su rubuta. A halin tsaron da ake ciki, musamman a ƙauyukan Zamfara, wannan ba bayani ba ne da za a bari yana yawo a littafin yaro.

Lokaci, surutu da maki

In darasinka minti 35 ne, biyar na nuni, ashirin na wasa, goman ƙarshe kowa ya koma littafinsa ya yi tambaya uku shi kaɗai. Waɗannan goman ba a taɓa su ko wasa ya yi daɗi, domin a nan kake sanin wanda ya gane da wanda ya laɓe bayan abokai. Surutu dole ne, don haka sanar da hedimasta da malamin ajin kusa tun kafin ka fara, ku kuma yi alama da yara, kamar tafi uku, wadda in an ji kowa zai saki abin da ke hannunsa. In an yi taron iyaye da malamai, kawo ɗauri da tsinke ka sa yaro ya yi 52 − 27 a gabansu.

Kada a doki rukunin da ya zo ƙarshe, kada kuma a sa aji ya yi musu ihu. Yaron da aka kunyata kan lissafi yakan daɗe yana gudunsa. Ba da maki ga rukunin da ya iya bayyana yadda ya samu amsa, da wanda ya gano kuskurensa da kansa, ba mai sauri kaɗai ba.

Bayan mako shida, sake kiran yaran ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi irin na farko amma da wasu lambobi, misali 63 − 38. Wanda ya wuce ya koma rukuni na gaba. Wanda har yanzu ya ce 35, zaunar da shi kusa da kai, miƙa masa ɗauri shida da tsinke uku, ka ce ya ba ka takwas.