Kurakuran masu hoto wajen ɗaukar kayan amarya a bukukuwan Yamai

Mafi yawan hotunan biki da ake kai wa amare a Yamai fuskoki ne: ƙawaye a jere, dangin ango, maroƙa, masu liƙi. Idan amarya ta nemi ƙunshin da ta wuni zaune ana zana mata, ko sarƙar da uwarta ta ɗaura mata a wuya, sai ta tarar da hoto ɗaya tak, shi ma dishi-dishi. Lalle kuwa cikin mako biyu ko uku ya goge, kitso a tsefe shi, gwal ɗin aro ya koma wurin mai shi.

Babban kuskuren tun kafin a ciro kamara ake yin sa, wato rashin tambaya. Matasa da yawa a Instagram suka koyi aikin, inda bukukuwan Turawa suka saba musu da zobe, takalmi da furanni. Sai mutum ya shiga gida a Bukoki ko Talaje, ya ɗora zobe kan takalmi mai tsini ya yi ta ɗauka, alhali abin da mutanen gidan suke ji da shi yana can kusurwar ɗaki. Nemi uwar biki ko gwaggon amarya, ka gaishe ta yadda ya kamata, sannan ka ce: "Hajiya, cikin kayan nan wanne ne in babu shi a hoto ranku zai ɓaci?" Wata za ta nuna maka awarwaron azurfa na kaka. Wata kaskon turaren wuta da kwalaben humra, ko faifai da ƙwarya da dangi suka zo da su daga Tawa ko Maraɗi. Idan akwai sarƙar azurfa irin ta Agadas, aikin maƙeran Abzinawa da ake samu a unguwar Shato ko wajen masu sana'ar hannu na gidan tarihi na Boubou Hama, zanen da aka ƙwaƙula a jikinta ya cancanci hoton kansa.

Zuwa a makare shi ma yana kashe aiki. Da zarar ɗaki ya cika da mata ba ka da wurin tsayawa, balle wurin shimfiɗa kaya. Ka je ranar ƙunshi ko ranar jere, kuma ranar bikin ka riga mai kwalliya gamawa da awa guda.

Haske ne inda aka fi faɗuwa. Ɗakin amarya sau da yawa yana da farin ƙwai a sama, mai ruwan ɗorawa a gefen madubi, ga taga da jan labule. Hasken rana yana wajen 5500 a Kelvin, ma'aunin launin haske, ƙwai mai ruwan ɗorawa wajen 3000, kamara kuma ɗaya kawai take iya bi. Shi ya sa farar shadda take fitowa rabi shuɗi rabi rawaya. Mai hoto ya ga duhu sai ya harba filashi kai tsaye: gwal ya koma farin ɗigo babu zane, shadda ta ƙone, wato haske ya cinye saƙarta, fatar hannu ta yi toka. Gyaran ba ya cin ko dala. Kashe ƙwayayen duka, yaye labulen, ka kai kayan bakin taga ko bakin ƙofa yadda haske zai zo daga gefe. Wata ƙawa ta riƙe farin mayafi a ɗaya gefen don ya mayar da haske cikin inuwa. Hasken gefe shi ke fito da tudu da kwarin aikin maƙeri da saƙar leshi. In dare ya yi dole sai da filashi, juya shi ya bugi farin bango ko rufin ɗaki. In kuma da ƙwan ɗaki kake ɗauka kana ganin ratsi-ratsi a hoto, kuran ɗinmu 50 Hz ne, wato yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ka sauke saurin ɗauka zuwa 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa.

Wasu suna gudun ɗaki su fita tsakar gida da tsakar rana. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40, kwalliya narkewa take yi, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin. Rumfar haya ma ba mafita ba ce idan tampol ɗinta ja ne ko shuɗi, domin launin zai zuba kan fata da tufa. Inuwar bango ta fi.

Sai hoton hannu, wanda ni a wurina shi ne zuciyar aikin. Idan amarya ta ɗora hannu kan farar shadda, kamara tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, baƙin zanen ya nutse cikin fata. Ƙara haske kamar mataki ɗaya, wato ninki biyu, kana duba kada shaddar ta ƙone, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kamara ba ta sarrafa ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a zo wajen gyara a yi ta wanke fatar amarya har ta koma launin da uwarta ba ta san ta da shi ba. Baƙar fata mai sheƙi da jan lalle a yatsu da gwal a wuyan hannu ba su buƙatar wannan. Ɗan mai kaɗan a bayan hannu ya isa, in ya yi yawa ƙyalli zai rufe zanen. Yatsu kuma kada a baje su kamar mai ƙirga kuɗi. Ta ɗora hannu ɗaya kan ɗaya, ko ta riƙe bakin mayafi, ko ta taɓa ɗan kunne.

Masu gilashin kamara na 50mm suna son barin sa a f/1.8, wato a buɗe sosai, don baya ya yi dishi-dishi. A kusa da zobe, abin da ke fitowa tsaf a wannan buɗin milimita kaɗan ne: dutse ya fito, sauran zoben ya ɓace. Rufe zuwa f/5.6 ko f/8. Irin wannan gilashin kuma ba ya kama abin da ya fi santimita 35 zuwa 45 kusa, don haka ja baya ka yanke daga baya. Mai ɗauka da salula ya yi amfani da 2x, wato jawo hoto ninki biyu, domin manna wayar a hannu yana kumbura yatsu. Kafin ka danna, duba gefe: ledar ruwa, cajar waya da kwanon abinci su ne suka fi kutsawa. Lokacin hunturu kada ka canza gilashi a tsakar gida, ƙura za ta bi duk hotunan.

Kada ka ɗauki gwal ka kewaya da shi kai kaɗai, ko da zuwa bakin ƙofa ne. A ba ka ƙanwar amarya ta riƙe, ta ajiye, ta mayar. Namiji kuma ba ya faɗa wa ɗakin mata ba sallama, ba ya taɓa hannun amarya don gyara shi, ƙawa ce za ta gyara. Lallen ƙafa sai an yarda, wasu gidajen mace kaɗai za su bari ta ɗauka, shi ya sa tafiya da mataimakiya take da amfani.

Wajen miƙa aiki, WhatsApp yana matse hoto har siririn zanen lalle ya dagule, sai a tura a matsayin fayil ko a kai a katin ajiya. Sa hoton a Facebook ko TikTok don talla kuwa sai da izinin amarya da angonta, ko da fuska ba ta fito ba. Matan unguwa suna gane ƙunshi da sarƙa, kuma hoton da ya nuna yawan gwal ɗin da ke cikin gida ɓarawo ma yana kallon sa.