Kurakuran masu sayar da jitar Hawai ta hannu, da yadda suke kashe muryar mikro

Na daɗe ina gyaran ampili da rediyo a Garwa, kuma jitar Hawai ba ta cika zuwa teburina ba. In ta zo, labarin kusan ɗaya ne: gado aka ci, ko an tsince ta a ɗakin ajiyar wata tsohuwar ƙungiyar kiɗa ko coci, mai ita kuma yana neman kuɗi kafin wata ya ƙare. Ita ce jitar da ake kwantarwa a cinya, hannun hagu yana zamar da guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiya, na dama yana tsinka. Salon ya fito daga tsibiran Hawai, ana danganta shi da Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19. Jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa sosai ma irinta ce, ta kamfanin Rickenbacker a 1932, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta.

Jikin wannan jita katako ne miƙaƙƙe, wani lokaci ƙarfe ko roba mai tauri da ake kira Bakelite, babu wani abin a zo a gani. Wanda ya san ta, kuɗin da zai ba ka na mikro ne, wato ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta, wanda 'yan Najeriya ke kira fikof. A nan muryar take, kuma a nan aka fi yin ɓarna.

Babbar ɓarnar ita ce gyara da ba a nema ba. Wani ɗan ƙanwata ya taɓa kawo mini jitar marigayi maƙwabcinsu, iyalan sun ba shi ya sayar. Da na buɗe buhun sai na ga mikro yana walƙiya, gefensa kuma baƙin gashi-gashi ya manne. Na ce, “Me ka sa masa?” Ya ce, “Kawu, soson ƙarfe na sa na cire tsatsar, don mai saye ya gani ya yi sha'awa.” Burbushin soson ne maganaɗisu ya janye, ya shige kowane lungu. Na ɗora mitar awon lantarki, ba ta nuna komai ba. Wayar ciki ta tsinke. Na daɗe ban ji takaici irin na ranar ba, domin kafin ya taɓa ta lafiyarta ƙalau, kuma kuɗin marayu ne ya ragu.

Abin da ke cikin mikro maganaɗisu ne da wayar jan ƙarfe wadda ba ta fi gashin kai kauri ba, an naɗa ta sau dubbai. Tsinin sukudireba ɗaya ya isa ya yanke ta. Ana iya sake naɗi, amma sabon naɗi sabuwar murya ce, kuma masu neman tsohuwar jita suna rage farashi sosai idan suka ji an sake. Saboda haka ƙyalle busasshe da burushi mai laushi sun wadatar wajen kore ƙurar hunturu. In burbushin ƙarfe ya riga ya manne a saman, a ɗauke shi da salatif, a hankali, ba tare da an kusanci naɗin ba. Tsatsa kaɗan da dusashewar fenti a bar su. Mai saye na gaske ya fi natsuwa da su a kan sabon fentin da bai san abin da ya rufe ba.

Kuskure na biyu ya yi kama da na farko. Mutum ya jona jita ya ji ƙarar zzz, sai ya yanke cewa mikro ya mutu, ya sa a cire a dasa na jitar zamani mai araha. Yawancin tsofaffin jitocin nan mikro mai ƙunshin naɗi ɗaya gare su, kuma ɗabi'arsa ce ya kwaso kukan wutar lantarki, wadda a Kamaru da Cadi take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Mai naɗi biyu da ke kashe wannan kuka sai a tsakiyar shekarun 1950 Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson. Kafin ka zargi mikro, kashe doguwar fitilar nan mai farin haske, zare cajar waya, ka nisanci janareto, ka juya jitar ka ji ko ƙarar ta ragu. Sannan ga gwaji mai sauƙi: ɗora hannu a tsirkiya. In ƙarar ta lafa, haka ya kamata. In ba ta lafa ba sai ka taɓa ƙarfen bakin jak, wato ramin da ake soka wayar ampili, to wayar da ke haɗa tsirkiya da ƙasa ce ta saki, kuma ɗigon dalma ɗaya ne maganinta. Idan kuwa an riga an canza wani abu, a sa tsohon a leda a miƙa wa mai saye tare da jitar.

Akwai kuma masu ganin tsirkiya ta yi nisa da katako su ɗauka lahani ne, su kai wa kafinta ya rage gadar da tsirkiya ke hawa a kai. Haka aka yi ta. Ba a danna tsirkiyarta, layukan da ke jikin wuyan ma zane ne kawai na nuna wa ido wuri. In aka rage, ƙarfen zai riƙa bugun katako, tsirkiya kuma ta matso kusa da maganaɗisu har muryar ta yi kaushi tana rawa. Tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tsirkiya da kan mikro wuri ne mai kyau na farawa, daga nan kunne ya ƙarasa.

Sai maganar nuna muryar, wadda a ganina nan cinikin yake ƙulluwa ko ya watse, tunda mai sayen yawanci yana Yawunde ko Duwala ko Njamena, abin da ka tura masa a WhatsApp kawai zai ji. Na sha ganin bidiyon da aka cika da amsa-kuwwa, ga ganga ga piyano, jitar na can ƙasa. Wanda ya san kaya yana jin haka zai ɗauka ana ɓoye wani abu. Jona ta kai tsaye cikin ampili, ka faɗi sunan ampilin, ka kashe duk wani ƙarin ado. Tsinka tsirkiya ɗaya bayan ɗaya don a ji ko akwai wadda ta fi sauran rauni. Murɗa maɓallin murya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a ji kaifinta a ji taushinta. Riƙe sauti ɗaya har ya mutu da kansa, domin tsawon numfashin nan shi masu wannan jita ke bi. Daga ƙarshe ka yi shiru na daƙiƙa biyar da maɓalli a buɗe, mai saye ya ji iyakar kukan wutar da kunnensa. Aibin da ka nuna da kanka ba ya dawo maka da kaya, kuma addini ma bai yarda a ɓoye shi ba.

Kada a yi wannan bidiyo da tsirkiya mai tsatsa, ko ta jitar da ba ta lantarki ba. Wadda aka naɗe da tagulla maganaɗisu ba ya jin ta sosai, sai manyan tsirkiyoyin su fito a shaƙe a ce mikro ne. A nemi ta nikel ko ƙarfe, ko da sai an aiko daga kudu. Ɗaurin tsirkiyar ma ba irin na jitar da aka saba gani ba ne. Wanda aka fi sani shi ne C6, daga babba zuwa ƙarama: do, mi, sol, la, do, mi. Da shi ko ƙarfen kawai ka shimfiɗa sautin zai fito da daɗi.

Mai saye mai ilimi zai tambaye ka, “Nawa mita ta nuna?” Kada ka ce ba ka sani ba. Kowane mai gyaran rediyo zai auna maka: a sa gajeriyar waya a jak, a buɗe maɓallin ƙara duka, a auna tsakanin kan filogi da jikinsa. Yawanci za a ga 'yan kilo-om, a ɗauki hoton mitar. Amma fa zafi yana ɗaga lambar, kusan kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10, don haka awon da aka yi a zafin Afrilu na Garwa zai ɗan fi abin da aka rubuta a ƙasashen sanyi. Kuma lamba babba ba ta nufin murya mai daɗi. Sau da yawa tana nufin ƙarfi da duhu, ƙarama kuma haske da kaifi.

Shekarun jita ma kada a yi ta da ka. In ta Amurka ce, duba bayan maɓallan murɗawa. Lamba mai farawa da 137 ta kamfanin CTS ce, 304 ta Stackpole, abin da ya biyo baya shekara ce da mako: 1376418 na nufin mako na 18 a 1964. Shekarar maɓallin ke nan, jitar tana iya bin bayansa da 'yan watanni, kuma sai in ba a taɓa canza shi ba.

Wajen talla, a kira ta da sunanta. Masu Faransanci “guitare hawaïenne” suke nema. Kuma ba ita ce mai ƙafafu da fedoji ba, irin wadda Demola Adepoju ya kaɗa a ƙungiyar King Sunny Adé. Waccan daban ce, kuɗinta ma daban. Farashin tsohuwar Fender ko Rickenbacker da ka gani a intanet ba shi ne na sabuwar ƙirar Sin ba, kuma abin da mutum ya nema ba shi ne abin da aka biya shi ba. In da dillali, a yanke la'adarsa tun farko.

Ranar aikawa, kada ka saki kaya don an turo maka hoton saƙon biya. Duba asusunka ka ga sefa ta shiga. Naɗe kunnuwan ɗauri da maɓallai da tsumma mai kauri, domin robar tsofaffin kunnuwa tana farfashewa, jikin Bakelite kuma in ya faɗi tsagewa yake yi. Ƙarfen zamarwa a ɗaure shi daban, kada ya yi ta dukan mikro tun daga Garwa har tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare.